Wa Ke Riƙe da Yaron Nan?

Duk lokacin da aka taɓo zancen iyali a ƙasashen Turawa, mu nan mukan gyara zama mu yi hamdala. A Faransa yau fiye da kashi 60 cikin 100 na jariran da ake haifa, iyayensu ba su ɗaura aure ba. Zaman dadiro ya zama ruwan dare a can, har tun 1999 doka ta buɗe wa masu zama tare wata yarjejeniya da suke kira PACS. Masu bincike a Amurka da Turai sun daɗe suna nuna cewa irin wannan zama ya fi aure saurin watsewa, kuma yara ne ke kwana a ciki. A Dakoro kuwa, da wuya ka nuna gidan da mace da namiji ke zaune haka kawai. An ba da sadaki, liman ya shafa fatiha, an raba goro da dabino. Ta wannan fuska, alhamdu lillahi.

To amma ni malamin makaranta ne, na haura shekara 20 da alli a hannu tun fitowata daga makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo a Maraɗi, kuma abin da nake gani a aji ya hana ni sakin jiki da wannan hamdalar. Abin da ke cutar da yaro a zaman dadiro shi ne rashin tabbas, ya kwanta bai san wanda zai tarar a gida baɗi ba. Wannan rashin tabbas muna da shi jingim. Namu dai da fatiha yake zuwa.

A watan Oktoba, idan aka koma lakwal, muna cika rajista: sunan yaro, sunan uba, sunan uwa, sai wanda yaron ke hannunsa. Gurbin nan na ƙarshe na koyi cika shi da fensir, don shi ne ke sauyawa. Yaro ya shigo CI yana hannun uwarsa, a CE1 yana wajen kaka, kafin ya kai CM2 yana gidan uba, hannun matar da ba ta haife shi ba. Wani kuma ya bi uwa sabon gidanta ya zama agola, yana ci yana kallon fuskar maigida.

Ba kowa ke zuwa ya gaya wa malami cewa aure ya mutu ba. Mu ke gane abinmu. Ga 'ya mace, kitso ne ke fara magana. Yarinyar da kullum kanta tsaf, sai ka ga kitso ya yi sati uku, ya yi huɗu, ya tsufa ya tashi, tana ta jan ɗankwali tana rufewa. Ga namiji, riga ce: guda ɗaya Litinin zuwa Juma'a, maɓalli ya fita babu mai mayarwa. Daga nan sai makara, don an ɗora masa jan ruwa ko kai awaki bakin gari kafin ya taho. Sai gyangyaɗi da hantsi, wanda duk malamin da ya daɗe ya san na yunwa ne, yaron bai samu ko ɗumame ba. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya yi tsit. Yaron da da ke ɗaga hannu har yana tashi tsaye, yanzu ka kira sunansa sau biyu kafin ya ɗago.

Akwai kuma takardar haihuwa. Wannan 'yar takarda ta sha hana yara wucewa koleji. Tana cikin kayan ɗakin uwa, uwa ta kwashe kayanta ranar da aka ba ta takardarta, yanzu tana wani ƙauye wajen Kornaka ko Sabon Mashi, ko ta yi aure a Najeriya. Uban ya yi rantsuwa ba zai neme ta ba. Sai a koma neman takardar madadi a kotu, da shaidu da kuɗi da zirga-zirga, uban da bai damu da karatun ba tun farko ya ce a bar shi kawai.

Me ya sa aurenmu ba ya jimawa? Sai a fara daga yadda ake ƙulla shi. Binciken ƙasa kan jama'a da lafiya na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15, kuma jiharmu ta Maraɗi tana sahun gaba. A binciken nan dai, mace a Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, a Maraɗi abin ya haura 8. Yarinyar da aka ɗauka daga benci a kai ɗaki tana da 14, sau da yawa wannan auren na iyaye ne, ita kuwa tana jiran ta yi wayo ta yi nata. Kafin ta yi wayon ta haifi biyu. Su biyun nan su ne ɗalibaina.

Kada a ce sabon abu ne. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, aure huɗu ta yi. Barbara Cooper ma, a littafinta kan aure a Maraɗi na 1997, ta nuna yadda macen Hausa kan ratsa aure fiye da ɗaya a rayuwarta. Bambancin shi ne a da akwai gandu. Kaka na nan, baffanni na nan, gwaggo na nan, tukunya babba ce. Uwa ta fita, yaro ya yi kukansa, amma kwanonsa bai sauya wuri ba. Yau gonar gandu an raba ta an sake rabawa, kowa da 'yar katangarsa, kowa da 'yar tukunyarsa. Idan uwa ta fita daga irin wannan gida, babu wata babbar mace da ta rage sai kishiya.

Sannan ga inda Allah ya ajiye mu. Dakoro tana bakin iyakar noma ta arewa, wadda doka ta shata tun 1961, daga nan sai ƙasar makiyaya. Damina ɗaya ta yi gardama, rumbu ya ƙare kafin sanyi ya wuce. Wanda ya ga 2005 a garin nan ba ya buƙatar a ba shi labari. Na lura aure da saki kowanne da lokacinsa. Da kaka, an sayar da hatsi da wake, kuɗi ya shigo hannu, sai kiɗa ta ko'ina. Da bazara, rumbu ya yi ƙasa, rai ya ɓaci, maganar gishiri ma sai ta zama yaji. Maza kuma sun watse ci-rani, wasu Najeriya, wasu Libiya, wasu wajen zinari tun da aka gano na Jado a 2014. Wanda ya samo ya dawo ya ƙara aure kafin ya gyara ɗakin da ke zuba. Wanda bai samo ba kunya ta hana shi kira, matar ta gaji da jira ta kai ƙara a raba. Yanzu har saki ake aikowa ta saƙon murya a WhatsApp, mace ta ji ƙarshen aurenta a wayar ƙanin miji.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne batun riƙon yara, don a nan muna fakewa da addini alhali al'ada muke bi. A mazhabar Malikiyya, wadda malamanmu ke karantarwa a zaure, uwa ce ke da haƙƙin reno: ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace har ta tare a gidan miji, uba kuma ciyarwa da tufatarwa na kansa. Idan uwar ta auri bare, renon ya koma wajen mahaifiyarta. Haka kuma matar da aka saka sakin kome a ɗakinta ya kamata ta yi idda, ko Allah ya sa a shirya. Mu fa? Ranar da aka furta, ranar take ɗaure kaya. Yaro kuma da an yaye shi, ko ya kai shekara 7, uba ya aiko a karɓo "ɗansa". Shekara 7 ɗin nan ita ce daidai lokacin da yaro ke fara zama a benci. Shekarar da ya fi buƙatar wanda zai tashe shi, ya wanke masa fuska, ya tambaye shi abin da mushe ya koya musu, ita ce shekarar da ake cire shi daga hannun mai yin hakan. Kuma ba don uban zai yi renon da kansa ba. Miƙa shi zai yi ga amarya, wadda wataƙila ita ma 'yar shekara 16 ce.

Nijar har yau ba ta da kundin dokar iyali. An yi yunƙuri a shekarun 1990, an sake a 2011, duka suka ci karo da adawar ƙungiyoyin addini. Saboda haka aure da saki da riƙo suna hannun al'ada, a gaban mai gari ko sarki, ko alƙali da masu ba shi shawara kan al'ada. Ni ban ga laifin mai tsoron a shigo mana da dokar Faransa ta bayan gida ba. Sai dai wanda ya ƙi waccan saboda shari'a, ya kamata a gan shi gaba-gaba wajen bin abin da shari'ar ta ce a kan reno da ciyarwa.

Manya ma ba su tsira ba. Bazawara ta koma gidan tsohon da shi kansa ciyar da shi ake yi, ta kama dakau ko sayar da fura, idda na cika ta amsa wa na farko da ya yi sallama, don ta rage wa gida baki. Namijin kuma kowane sabon aure sai ya ci sa ko ya jinginar da gona. Na san tsofaffi masu 'ya'ya fiye da goma daga mata biyar ko shida, yau suna kwance babu mai kawo musu kunu, 'ya'yan ba su shaƙu da uban ba, ba su shaƙu da juna ba, sai ranar rabon gado za su haɗu a matsayin 'yan uba.

Ba ina cewa kowane aure a daure a zauna ba. Macen da ake duka, ko aka bar ta shekara uku babu ci babu labari, rabuwa rahama ce gare ta da 'ya'yanta. Ba kuma yawan mata nake zargi ba. Cikin yaran da suka fi samun kulawa da na taɓa koyarwa akwai 'yan wani gida mai mata uku, inda aka shekara 20 babu wadda ta fita, kowace ta san ajin ɗan kowace. Na kuma ga kishiyar uwa da ta sayar da akuyarta ta yi wa ɗan mijinta takardun koleji. Abin da yaran nan suka samu shi ne manyan da ba sa sauyawa.

A taron iyayen yara da na kwamitin kula da makaranta, abu uku nake roƙo, kuma na roƙi limaman unguwarmu su taya ni faɗa. Idan rabuwa ta zama dole, a bar yaro inda yake har shekarar karatu ta ƙare a watan Yuni. A kawo takardar haihuwarsa a ajiye kwafi a makaranta. Sannan a zo a gaya wa malami wanda yaron ke hannunsa yanzu, ko da a kunne ne.

Bara wata tsohuwa ta ji wannan roƙo ta zo har ƙofar aji da jikarta. Ta ce, "Mushe, uban ya ce ranar kasuwa zai aiko a tafi da ita ƙauye." Na samu uban a tasha, na ce, "Malam, wata huɗu ya rage, ka bar wa Inna ita ta gama, don Allah." Ya yi shiru, ya ce zai yi shawara. Ranar kasuwa ta zo ta wuce babu wanda ya zo. Yarinyar ta gama shekara ta zo ta shida a aji. Da hutu aka tafi da ita, kuma ƙauyen da aka kai ta makarantarsu ta tsaya a CE2. Kwafin takardarta na nan cikin akwatin ofis.