Lifidi da Mulufi: Abin da Na Gano a Birnin Dabo

Mutumin Toranke ba baƙon doki ba ne. Mun taso muna ganin hawa a ƙasar Gaya, duk yaron da ya taɓa riƙe linzami kuwa gani yake ya san kayan doki. Amma wanda bai tsaya a Ƙofar Kudu da yammacin Hawan Daushe ba, da sauransa wajen sanin abin da allura da zare ke iya yi. Na bi ta Gaya da Wudil na shiga Kano washegarin Sallah, na samu gurbi cikin cunkoso tun kafin la'asar.

Hakimai suka yi ta wucewa da jama'arsu, kowa da irin adonsa. Can sai ƙarar bindiga ta tashi, algaita da tambura suka amsa, aka ce Sarki ya taso daga Babban Ɗaki. A cikin wannan ayari na ga 'yan lifida. Doki a lulluɓe tun daga wuya har kusan gwiwa, mahayi shi ma a naɗe cikin riga mai kauri, ga kwalkwali da gashin jimina a ka. Tufar ƙyallaye ce aka harhaɗa, ja da fari da baƙi da ɗorawa, an yanka su kusurwa-kusurwa an jera, layin ɗinki ya bi ta kansu ya danne abin da ke ciki. Jan ne ya kama mini ido. Ba ya ƙyalli kamar sauran, yana da ɗan gashi-gashi, hasken yamma na sauka a kansa ya zauna. Wani dattijo da ke gefena ya ce, "Ɗana, mulufi ke nan. Yaran yanzu ba su san shi ba."

Lifidi ba don ado aka fara shi ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, saboda yawan mutanen da ya rasa a yaƙinsa da Umbatu. Dabarar ita ce a cusa auduga ko audugar rimi tsakanin tufa biyu, a ɗinke ta layi-layi har ta yi tauri. Kibiya idan ta zo sai ta maƙale a ciki, dafinta bai kai ga fata ba. Yana da nasa rauni: nauyi gare shi, mahayin da ya faɗi da ƙyar yake tashi, kuma wuta na cin auduga. A Tabkin Kwatto, a 1804, maharban Shehu Usmanu sun karya rundunar Yunfa duk da dawakinta masu lifidi. Duk da haka ɗaruruwan shekaru sarakunan Hausa da Barno suna dogara da aikin maɗinki wajen kare rayukan barade.

Da gari ya waye na nufi Kasuwar Kurmi, wadda ke nan tun zamanin Muhammadu Rumfa, na nemi layin masu kayan doki. Lungu ne matsattse, warin jima da sabuwar tufa ya cika shi, ga sirdi da likkafa da jalala a rataye. Nan na zauna wajen wani tsoho da ke ɗinki a kan buzu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, me ya sa ake son mulufi a wannan aiki?" Bai ɗaga kai ba, ya miƙo mini ƙyalle biyu, ɗaya mai santsi, ɗaya mai gashi, ya ce in ɗora kowanne a kan auduga in ja. Mai santsin ya zame. Mai gashin ya kama audugar ya riƙe.

Daga nan ya buɗe mini sauran. Irin wannan tufa tana tsukewa idan ta sha ruwa, don haka a jiƙa ta a shanya kafin almakashi ya taɓa ta, in ba haka ba wankin farko zai murguɗe aikin. Bakinta na warwarewa, sai a bar mata rara mai faɗi wajen haɗi. Tana miƙewa idan an ja ta, saboda haka hannu ke binta a hankali. Ɗinkin kuma daga tsakiya ake faro shi a nufi gefe, layi kusa da layi, domin tazarar da ta yi yawa ita ke barin auduga ta dunƙule wuri guda. Mulufin dā, na gashin tumaki, fataken Gadamas da Turabulus ke ƙetaro Sahara da shi a kan raƙuma. Tsadarsa ta sa ba a zubar da ko guntunsa, kowane ɓalli sai an nema masa gurbi, kuma ina ganin daga nan kyan jerin ya samo asali.

Na fito daga lungun ina jinjina wa Kano. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, kuma ya cancanta. Sai dai mai kallo doki da mahayi yake gani, ba ya ganin wanda ya duƙa a kan buzu yana soka allura.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hunturunmu. Idan iskar Janairu ta taso a Toranke, kasuwa muke tafiya neman bargon gwanjo, alhali telolinmu na share guntayen yadi suna zubarwa kullum, ga yadi mai gashi irin na zanen jarirai ba ya wuyar samu. Hikimar da ta tare kibiya ba za ta gaza tare sanyi ba. Telolin Toranke da Ajingi da Gaya, ku tura yaranku Kurmi su zauna gaban waɗannan dattawa, tun suna da ƙarfin idon da za su nuna musu.