Daga Salaga Zuwa Bawku a Tsohuwar Benz

Fataken Kano da Katsina sun daɗe da sanin Salaga. Da jakuna suke zuwa Gwanja ɗaukar goro, har yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar. Yau doya ce ke fita daga yankin, ni ma motar doya na bi zuwa Bawku, wata tsohuwar Benz mai bodin katako. Direbanta dattijo ne ɗan zango, motar kuwa ta girmi yaron motarsa.

Kafin mu kai Bimbila ƙurar hunturu ta shaƙe ta. Ta daina ja, sai baƙin hayaƙi. Yaron ya ce, "Maigida, a sa bakanike ya buɗe famfo ya ƙara mata mai mana." Dattijo ya ce, "Kai yaro, wanda mura ta toshe wa hanci ba tuwo ake ɗura masa ba." Ya sa aka ciro filtar iska aka kakkaɓe, aka tsiyaye ruwan da ya kwanta a filtar gas. Nan take muryar injin ta sake.

A Yandi, garin Sarki Ya-Na, inda kabarin Babatu jagoran Zabarmawa yake, muka kwana. Da safe bakanike ya gwada nozul ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da masu ɗigo maimakon feshi, ya saita bawul, ya wanke lagireto, ya ɗaure fanbel. Na ce, "Baba, yaya kake gane ciwonta?" Ya ce hayaƙi ke faɗa masa. Baƙi, mai ne bai ƙone ba, ko iska ta yi kaɗan ko nozul ya gaji. Shuɗi, ringi ya ci, baƙin mai na shiga wuta. Fari mai yawa bayan inji ya yi zafi, a duba gaskit ko saitin famfo. In aikin ya kai ga ringi, sai a aika Magazin ta Suwame a Kumasi a sayo kaya.

Muka bi ta Gushegu zuwa Nakpanduri, inda hanya ke gangarowa daga kan dutse. Ya saka ƙaramar giya tun daga sama, inji ya riƙe motar, birki bai ɗau zafi ba. A hawan muka ga wata mota ta tsaya, an lafta mata lodi fiye da kima, lagireto na tafasa.

Ta Garu muka shiga Bawku, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, aka sauke doya, ana shirin lodin albasa. Mai tsohuwar mota, kafin ka taɓa famfo, ba injinka iska mai tsabta da mai marar ruwa, ka canja baƙin mai a kan lokaci, ka kuma rage lodi.