De Smet, Garin 'Yar Manomi

Daga birnin Sioux Falls zuwa De Smet, a jihar Dakota ta Kudu da ke Amurka, tafiyar kusan awa biyu ce a mota. Babu dutse, babu daji, sai gonakin masara da waken suya har inda ido ya gaji. De Smet ɗin ma ɗan ƙaramin gari ne, mutanensa dubu ɗaya da 'yan kai. Duk da haka baƙi na zuwa masa daga nesa, har daga Japan. Ba kabarin sarki ko na wani shehi ke kawo su ba, wata 'yar talakan manomi ce da ta yi 'yanmatancinta a nan, Laura Ingalls Wilder.

Mu a gida, in aka ambaci mutum, sai a tambayi garinsu. Wannan tambayar ba ta da amsa guda a kan Laura. An haife ta a 1867 kusa da Pepin a Wisconsin. Tana shekara biyu mahaifinta Charles ya ɗora iyali a keken doki suka nufi Kansas, suka dawo Wisconsin a 1871, sannan suka koma Walnut Grove a Minnesota a 1874, inda suka fara zama cikin ɗakin da aka haƙa a gaɓar rafi. Fara ta cinye musu alkama, suka tafi Iowa aikin masauki, suka sake dawowa. A 1879, shekarar da yayarta Mary ta makance tana da shekara 14, Charles ya sami aiki a kamfanin da ke shimfiɗa layin dogo, aikin ya kawo su nan. Abin da ya zaunar da su shi ne dokar 1862, wadda a lokacin ke ba mutum eka 160 in ya zauna a kai shekara biyar yana noma.

Gidan masu awon ƙasa na kamfanin layin dogon, wanda iyalin suka yi hunturun farko a ciki, yana nan har yau, na katako ne, ana shiga ana gani. Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na hunturun 1880 zuwa 1881 ne. Tun watan Oktoba guguwar ƙanƙara ta soma, daga baya ta binne layin dogo, jirgi ya daina isowa watanni. Ƙasar ba ta da itatuwa, gawayi ya ƙare, garin alkama ya ƙare a kanti. Sai su wuni suna murɗa busasshiyar ciyawa tana zama kamar faskare don su hura wuta, suna niƙa tsabar alkama a ɗan injin niƙa kofi na hannu, kaɗan-kaɗan, don a sami abin kai wa baki. Ni da na taso ina jin labarin yunwa daga bakin tsofaffi, a kullum da rana da fari nake haɗa ta. Ban taɓa tunanin sanyi zai rufe gari ruf har a rasa abinci ba.

A maƙabartar garin na ga kabarin Charles, wanda ya rasu a 1902, da na matarsa Caroline, da na 'ya'yansu Mary da Carrie da Grace. Akwai kuma na jinjirin Laura, namiji, da ya rasu a 1889 ba a kai ga raɗa masa suna ba. A shekarar ce gidanta ya ƙone, ga shi mashaƙo ya riga ya raunata mijinta Almanzo. Na tambayi matar da ke zagayawa da mu ko jikokinsu na nan a garin. Ta ce babu ko ɗaya. 'Yan'uwan Laura ba su haihu ba, 'yarta tilo Rose kuwa ta rasu a 1968 ba ta bar baya ba.

Wannan ya girgiza ni, don a lissafinmu gidan ya mutu ke nan, kuma mukan ji tausayin wanda bai bar ɗa namiji ba. Sai dai na tambayi kaina: gidaje nawa na sani masu jikoki ɗari, waɗanda ba mai iya faɗin sunan kakar kakarsu, balle abin da ta ci a shekarar yunwa? Laura tana da shekara 65, a gonarsu ta Mansfield a Missouri, littafinta na farko na yara ya fito a 1932. Da fensir take rubutu a littafin 'yan makaranta, Rose na gyarawa. Zuwa 1943 littattafan sun kai takwas, kuma su suka riƙe sunan gidan Ingalls.

Ba kome ta faɗa ba. Ƙaninta Freddie, da ya rasu a 1876 yana wata tara, bai fito a littattafan yaran ba ko sau ɗaya. Wannan shirun na gane shi, don iyayenmu mata ma ba su cika ambaton ɗan da suka binne ba.

Wanda ya dame ni shi ne wani shirun daban. Ƙasar da ake rabawa eka 160 tana da masu ita tun kafin zuwan Turawa. A Kansas, cikin yankin da aka ware wa ƙabilar Osage Charles ya kafa ɗakinsa ba da izininsu ba, nan De Smet kuwa ƙasar mutanen Dakota ce. Laura ta ambaci 'yan asalin ƙasar, amma galibi da idon yarinyar da aka koya wa tsoronsu, wasu kalaman kuma ba su da daɗin ji. A 2018 ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka ta cire sunanta daga wata lambar yabo ta littattafan yara saboda wannan. Wahalar gidan Ingalls gaskiya ce, na kuma tausaya musu. Amma su ma Osage suna da 'ya'ya mata sa'annin Laura, waɗanda aka tasa daga Kansas zuwa inda ake kira Oklahoma a yau, a daidai shekarun da take koyon magana.