Maɗaci a Kantin Gita

Dala 3,000 da ɗoriya. Na sake duba takardar da ke rataye a wuyan gitar, na ce ko idona ne. Martin D-28 ce, ƙirar kamfanin nan na Nazareth a jihar Pensilbeniya da aka kafa tun 1833. Da na auna kuɗin da buhunan masara a kasuwar Dayi, sai na mayar da ita mazauninta da hannu biyu, kamar mai ajiye ƙwai.

Mai kantin ya ce ai katako ake saya. Fuskarta spruce ne, mara nauyi, shi ke karɓar girgizar tsirkiya. Baya da gefe kuwa rosewood, shi ya sa amonta ke da zurfi, yana daɗewa yana kai-kawo a ɗaki. Ya miƙo min D-18 mai bayan mahogany. Ita muryarta a bushe take, kowace tsirkiya da nata bakin. Wallahi na ji bambancin, na kuma ji haushin jin sa.

Can ya nuna wata mai ɗan rahusa, ya ce khaya ce daga Afirka. Ashe dangin maɗaci ne, wanda muke saran ɓawonsa a jiƙa don ciwon ciki! Baƙin katakon wuyan ma ɗan'uwan kanya ne. A 2011 kamfanin gita na Taylor ya shiga haɗin gwiwar sayen masana'antar yanka shi a Yawunde.

Na so in ba shi labarin Ɗan Maraya Jos, da gwangwanin sadin da tsirkiya ɗaya. Sai na yi shiru. Su masu ƙera gita kowane icce sun rubuta muryarsa. Mu masassaƙin garaya da saninsa ake binne shi.

In za ka yo wa ƙanenka tsaraba, kada tsada ta ruɗe ka. Gitar tsantsar katako tana son laimar iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun Malumfashi kuwa da ke tsaga diddige ba zai bar fuskarta ba. Nemi mai baya da gefe na katakon da aka manna falle-falle, ta fi juriya. Sassauta tsirkiya kafin ka hau jirgi. A gida ta kwana cikin akwatinta, da ɗan soso mai danshi a leda mai huji, kada ya taɓa jikinta.

Irin mai katakon falle-fallen na saya, dala 200. Mai 3,000 ɗin kuwa na koma na taɓa ta sau biyu.