Doron Hanya

Duk wanda ya yi ko da damina ɗaya a makarantan nan ya san hanyar burjin da ta taso daga bakin ƙofa, ta ratsa ta gaban ɗakin abinci, ta zarce gona. Ba ta cika rabin mil ba, amma ta nan buhun hatsi ke shigowa, ta nan kuma a ke fita da wanda ciwo ya kama da dare. Bara aka danƙa mana kula da ita, mu 'yan ajin noma, aka ce ga tarakta, ga direba. Labarin abin da ya auku shi mu ke so mu ba 'yan'uwa, ko da ya ke rabinsa abin kunya ne.

Cikin watan Fabrairu muka tasam mata, ƙasa ta bushe ƙayau, don muna jiran baƙi. Direban, wani dattijo wanda ya daɗe a aikin, ya ce, "Samari, ku dakata ruwa ya sauka." Muka ce, "Baba, ai baƙi ba su jiran ruwa." Ya dube mu, ya ce, "To, ku ne masu littafi." Muka ɗebo tsakuwar rafi muka cike ramuka, muka sa shi ya ja wuƙar tarakta, watau faffaɗan ƙarfen nan da a ke ɗaura mata a baya, har hanya ta kwanta sumul sai ka ce daɓen ɗaki. Baƙi suka zo suka yaba, mu kuwa muna ta hura hanci.

Ba a yi mako uku ba tsakuwa ta watse, kowane rami ya koma mazauninsa. Da ruwa ya kankama sai ya rasa inda zai bi, ya kama sawun motoci ya mai da shi rafi. Cikin Agusta motar abinci ta kafe daura da masallaci, sai a ka muka kwashe buhunan masara, dukan makaranta na kallo. Abin da ya fi ci mana rai, a makon nan ne zazzaɓi ya kada wani ɗan aji ɗaya da tsakad dare, aka ɗauke shi a hannu har bakin ƙofa, don mota ba ta iya shigowa. Allah ya ba shi lafiya, amma ba mu manta ba.

Da damina ta ja baya a ƙarshen Satumba muka koma wurin dattijon, wannan karo ba wanda ya ɗauki littafi. Ya damƙi ƙasa a hannu ya matse, ta dunƙule, ba ta ɗiga ba, ba ta marmashe ba. Ya ce, "Yanzu ne." Busasshen burji ba ya haɗuwa, jiƙaƙƙe sharkaf kuwa taɓo ne.

Farko ya sa muka yashe lambatu dama da hagu, muka fasa masa mafita zuwa fili nan da can. Sa'an nan ya saukad da haƙoran ƙarfe ya farfasa fuskar hanya har ƙasan rami mafi zurfi. Ashe rami kamar kwano ya ke: in an zuba masa tsakuwa ba a fasa bakinsa ba, ruwa ya zauna ciki, ƙafar mota ta fantsamar da abin da aka zuba. Tsakuwar rafi kuma ya hana, ya ce mulmulalla ce, ba ta cizon 'yar'uwarta. Burji na kirki sai da dutse mai kaifi, da yashi, da 'yar jar ƙasa wadda za ta riƙe su. Ƙurar nan da ke sauka a kan littattafanmu da hunturu ita ce jar ƙasar, watau hanyar ce ke ƙaura kaɗan kaɗan.

Daga nan aka zo ga babban aiki. Ya karkata wuƙa, ya bi gefen dama yana turo ƙasa tsakiya, ya juyo ta hagu ya yi hakanan, ya sake, ya sake, har hanya ta yi doro. Lissafin ba wuya: kowace ƙafa ɗaya ta faɗi a sauko rabin inci. Hanyarmu ƙafa 12 ce, saboda haka tsakiya ta ɗara gefe da inci 3. Inci 3 ɗin nan muka aske a Fabrairu muna murna! Ya kuma hana a bar kunya a gefe, ko da ta kai yatsa biyu ce, don ita ke tsare ruwa a kan hanya. Bayan nan muka yi ta bi da tirela cike da ƙasa har wuri ya daddale.

Daga baya muka tarad da maganarsa a littafin da muka yi taƙama da shi. John McAdam, mutumin Sikotlan wanda ya kama kula da hanyoyin Bristol a 1816, abin da ya dage a kai shi ne ƙasar da ke ƙarƙashi ita ke ɗaukar nauyi, muddin an tsare ta daga ruwa. Hannuwa ukun nan kuma da ke ɗaga wuƙa da sauke ta, dabarar Harry Ferguson ce, wanda aka fara ƙera 'yar taraktarsa a Coventry a 1946. Dattijonmu bai san sunansu ba, su ma ba su san nasa ba.

Abu ɗaya da ya gwada haƙurinmu shi ne tafiyarsa. Ba ya wuce saurin mai tafiya da ƙafa, har muka riƙa gunaguni. Ya ce in tarakta ta yi gudu wuƙa tsalle ta ke yi, kowane tsalle kuwa ɗan tudu ne, ka shuka gargada da hannunka ke nan. Masana sun gwada wannan a ɗakin bincike, tun daga Keith Mather a 1963, suka ga gudun ƙafar mota ke haifad da gargada, kuma ba ta tasowa in ba a wuce kimanin mil 5 a sa'a ba. To, wa zai ce wa malamanmu masu babur su tsaya nan? Tun da haka ne, sai dai a riƙa bin hanya da wuƙa duk sa'ad da ta sami laima.

Bana mun raba kanmu biyu biyu. In ruwa ya ɗauke, masu aikin ranar su fita da shebur su duba inda ya tsaya, su buɗe masa. Wuri ɗaya ya rage mana, kwanar ɗakin abinci, inda ruwan wanke-wanke ke ƙetare hanya rani da damina. Nan kam sai kwalbati. Mun rubuta wa ma'aji sau biyu, muna jiran amsa.