'Ya'yan Leburori da Jitarsu

Na sauka Birmingham a ƙarshen daminar 1967, da tallafin gwamnati, don karatun injiniya. Garin ƙarfe ne da hayaƙi, gidajen jan bulo a jere kafaɗa da kafaɗa, kowa ya yi sammako ya nufi masana'anta. Baƙar fata ya samu ɗakin haya a lokacin sai ya sha yawo: ka ga sanarwa a taga, ka ƙwanƙwasa, a leƙo a dube ka a ce an riga an kama. Wanda ya karɓe ni a unguwar Aston wani dattijo ne da ya yi yaƙin Bama tare da sojojinmu, kuma bai manta da halaccinsu ba. Yana da ɗa sa'ana, mai aikin walda da rana, wanda kusan duk abin da ya rage a albashinsa a faifai yake ƙarewa.

A ɗakin wannan saurayi na fara sauraron kiɗan rok da natsuwa. Yana da ƙaramar garmaho ta lantarki ƙirar Dansette, kuma a shekarar babu faifan da ya kai Sgt. Pepper na Beatles tashe. Kunnena ya tashi ne da kalangun Shata da kuntigin Ɗan Maraya, don haka ba daɗin kiɗan ne ya fara kama ni ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne masu yin sa. A wajenmu galibi kiɗa gado ne, kuma makaɗi yana da ubangidan da yake wa waƙa. Waɗannan kuwa 'ya'yan direbobin bas ne da leburorin tashar jirgin ruwa da malaman asibiti, ba su gaji kiɗa ba, ba su da ubangida, suna waƙa a kan 'yan matansu da ƙuncin unguwarsu, kuma duniya ta tsaya tana ji.

Abokin nawa shi ya warware mini yadda aka yi. An haife su bama-baman Hitila na sauka, sun tashi ana sayar da abinci da kati har 1954. Amma da suka zama samari sai ga aiki ya wadata, kuma daga 1960 aka daina kwasar matasa aikin soja na dole, wanda da ya cinye musu shekara biyu. Ana iya ɗaukar jita bashi a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Tun 1956 Lonnie Donegan ya nuna musu cewa da jita mai arha da allon wanki da akwatin shayi ma ana kafa ƙungiya. Tushen abin kuwa daga baƙaƙen Amurka yake: Chuck Berry, Muddy Waters, Little Richard. Rolling Stones ma daga wata waƙar Muddy Waters suka samo sunansu. Beatles sun goge ne a gidajen rawa na Hamburg da wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Liverpool, suka fitar da faifansu na farko a Oktoban 1962, kafin Fabrairun 1964 sun ci Amurka da kiɗan da suka aro daga gare ta.

Daren Alhamis kowa a gidan yana gaban talabijin don shirin Top of the Pops. Dattijon ya yi ta tsaki a kan sumar samarin, yana cewa ba don wannan suka yi yaƙi ba, amma bai taɓa tashi ya bar falon ba. Makonni kaɗan kafin zuwana gwamnati ta haramta gidajen rediyon da ke watsa waƙoƙi daga jiragen ruwa a teku, irin su Radio Caroline, sai BBC ta buɗe Radio 1 ranar 30 ga Satumba, ta ɗauki da yawa daga cikin ma'aikatan waɗancan jiragen. Hukuma ta ga abin ya fi ƙarfin hani, ta jawo shi cikin gida.

A Afrilun 1968 ɗan siyasa Enoch Powell ya yi jawabinsa na ƙin baƙi a wannan garin namu. Bayan nan kallon da ake mana a bas ya sauya. A irin wannan yanayi abokina ya fara ja na zuwa Mothers, wani gidan kiɗa a Erdington da ke saman shagon kayan ɗaki, inda Pink Floyd suka naɗi wani ɓangare na faifansu a 1969. Ba na shan giya, lemo nake riƙewa, kuma ban taɓa jin wanda ya tambaye ni me ya kawo ni ba. A can na ga yaran unguwarmu huɗu da suka zama Black Sabbath. Mai jitarsu, Tony Iommi, injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu, ya ƙera musu 'yan huluna da roba, ya ci gaba da kaɗawa. Duk wanda ya kwana a Aston, ya ji dukan injinan ƙira cikin dare, zai gane inda nauyin kiɗansu ya fito. Faifansu na farko ya fito a Fabrairun 1970.

Ranar da ta fi zauna mini ita ce Asabar, 5 ga Yulin 1969. Muka shiga jirgin ƙasa da asuba zuwa Landan, don Rolling Stones za su yi wasa kyauta a Hyde Park. Kwana biyu kafin nan aka tsinci Brian Jones, wanda ya kafa ƙungiyar, a mace a cikin kududdufin ninƙaya na gidansa, yana ɗan shekara 27. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Mafi ƙarancin ƙiyasi ya ce mutum 250,000. Wasu sun kwana a wurin, wasu sun haye bishiyoyi, rana tana dukan kowa. Mawaƙinsu Mick Jagger ya fito cikin fararen kaya, ya roƙi jama'a su yi shiru, ya karanta baitocin makoki na marubucin waƙa Shelley, sannan aka saki fararen malam-buɗe-littafi, da yawansu zafi ya riga ya kashe su a kwali. Kiɗan ranar bai yi armashi sosai ba, sun shekara biyu ba su yi cikakken wasa a gaban jama'a ba, jitocin ma ba su daidaita ba. Amma da aka zo waƙar ƙarshe sai ga wasu baƙaƙen makaɗa sun hau da gangunansu. Jagoransu Ginger Johnson, mutumin Najeriya ne da ya daɗe a Landan. Da gangunan suka ɗauka tsigar jikina ta tashi. Na tsaya a tsakiyar Turawa ina jin kiɗan gida yana juya su, suna tsalle, yawancinsu ba su san sunan mai bugun ba. Na yi alfahari, na kuma ji ciwo, don washegari ba shi ake zance ba.

Wannan ciwon bai taɓa barina ba, kuma ina ganin yana da hujja. Sai da Willie Dixon ya kai Led Zeppelin kotu a 1985 kafin a sasanta da shi a kan waƙar da suka ɗebo daga tasa. Eric Clapton, wanda duk fasaharsa a hannun baƙaƙe ya koye ta, ya hau dandamali a Birmingham a 1976 ya goyi bayan Powell. Sai dai daga cikin masoya kiɗan ne aka samu waɗanda suka fusata suka kafa Rock Against Racism a shekarar.

Akwai kuma maganar yaƙinmu. A Nuwamban 1969 John Lennon na Beatles ya mayar wa Sarauniya lambar girma ta MBE da aka ba shi a 1965, kuma cikin dalilansa har da hannun Biritaniya a yaƙin Najeriya da Biyafara. Mu ɗaliban Arewa ranmu ya ɓaci. Ina da ɗan'uwa a bakin daga, kuma na san Lennon bai san yadda aka faro ba tun daga juyin mulkin Janairun 1966. Amma hotunan yaran da yunwa ta tsotse ba ƙarya ba ne, kowane dare suna talabijin. Dattijon gidanmu ya ce rashin kunya ce. Ni kuwa na kwana ina juya abin: kamar makaɗi ne ya tuɓe rigar da sarki ya ba shi, ya aika da ita fada, don bai yarda da yaƙin da sarki ya sa hannu a ciki ba. Har yau ina ganin Lennon bai fahimci Najeriya ba, kuma har yau ina girmama ƙarfin halin.

Na dawo Kaduna bayan an gama yaƙi, da akwati guda na faifai, na tarar kiɗan ya riga ni isowa. Ginger Baker na ƙungiyar Cream ya ratso Sahara da mota a 1971, ya yi aiki da Fela, ya gina ɗakin naɗar waƙa a Ikeja. A 1973 Paul McCartney na Beatles ya zo Legas ya naɗi Band on the Run, kuma a wannan shekarar 'yan makarantar da suka kira kansu Ofege suka fitar da faifansu na farko. Daga baya kiɗan ya kai har Agadas, garin mai jita Bombino, wanda ya sha faɗin cewa ya koyi jita yana kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler na Dire Straits.

Abin ya ci rayuka, wannan ba a ɓoye yake ba. Ƙwaya ta tafi da makaɗi Keith Moon a 1978, giya ta tafi da John Bonham na Led Zeppelin a 1980, kuma cikin samarin da muke zuwa Mothers tare akwai waɗanda suka bi sahu ba wanda ya rubuta sunansu a jarida. Waɗanda suka tsira ba su rabu da kiɗan ba. Ni da abokina mun ci gaba da wasiƙa, daga baya waya. A Yulin 2025 Black Sabbath suka yi wasan bankwana a filin ƙwallon Villa Park, tafiyar ƙafa daga gidan da na zauna, mawaƙinsu Ozzy Osbourne yana waƙa daga zaune don ciwo ya hana shi tsayuwa. Ranar 22 ga watan ya rasu. Abokina, da sandarsa da jikoki biyu, yana cikin dubban da suka tsaya a Broad Street aka wuce da gawar, ya kira ni daga nan yana kuka, yana ba ni labarin mutanen zamaninmu da ya gani a wurin da waɗanda babu su.