Wata Uku Kafin a Yanke Shawarar Yi Mini Aiki

Ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo, kuma ba zancen albashi ko tsadar kayan masarufi ba ne kamar yadda na saba. Watan Maris shi ne watan da aka ware a duniya don wayar da kai kan cutar endometiriyosis, kuma a bana zancen ya shigo har cikin ɗakina. Likitar mata da nake gani tana zargin ita ke damuna. Ta ɗora ni a kan magani na wata uku, ta ce idan aka sake hoto babu sauyi, to sai dai a yi aiki. Yau saura sati biyar.

Bari in faɗi abin da cutar take, don ni ma sai da na haura arba'in, da digirina da komai, sannan na fara jin sunanta. Akwai wata shimfiɗa a cikin mahaifa wadda take kauri duk wata, idan ciki bai shiga ba ta zube, shi ne jinin al'ada. A wannan cuta, nama mai kama da wannan shimfiɗa ne yake tsirowa a wajen mahaifa: a jikin ma'ajiyar ƙwai, ko bututun mahaifa, wani lokaci har hanji da mafitsara. Duk wata shi ma yana kumbura ya yi jini, amma ba shi da hanyar fita. Daga nan sai kumburi, sai tabo, sai kayan ciki su riƙa mannewa da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan matan da ke shekarun haihuwa suna da ita, wato kimanin mutum miliyan 190. Ku lissafa matan gidanku ku gani.

Ni tun ina sakandare nake fama da ciwon mara mai kwantar da ni. An ce idan na yi aure zai daina. Na yi aure. An ce idan na haihu zai daina. Na haifi biyu, ya ɗan lafa, ya dawo da ƙarfinsa, haihuwar kuma ta tsaya yau shekara goma sha ɗaya. Babu jiƙon da ban sha ba: jar kanwa, citta da kanumfari, hulba, habbatus sauda. Akwai masu cewa namijin dare ne, akwai masu cewa raki ne. A ofis kuwa na ƙware wajen zama a taro da murmushi alhali gumi na keto mini, ina ƙirga mintuna.

Yanzu da aka kusa sa wa abin suna, sai tsoro ya sauya salo. Na zauna na rarrabe shi, sai na ga kashi huɗu ne. Na farko, allurar barci: idan ban farka ba fa, wa zai riƙe mini yarana? Na biyu, kada in farka a ce an cire mahaifa. A shekaruna ban cika sa rai da wata haihuwar ba, amma duk macen da ke nan ta san yadda irin wannan labari yake zagaya dangin miji kafin ki baro gadon asibiti. Na uku kuɗi, kun san albashin ma'aikaci da yadda farashin magani ya koma tun 2023. Na huɗun shi ne wanda na fi jin nauyin faɗa: kada a buɗe a ce ba a ga komai ba, masu cewa raki ne su samu abin faɗa.

Abin da ya fi rage mini fargaba shi ne tambaya. Rashin sani ya fi dare duhu. Na sayi ƙaramin littafi, duk tambayar da ta tashe ni da tsakar dare sai in rubuta ta, in ce mata ki jira ranar asibiti. Ranar da na koma na je da tambaya goma sha huɗu, kuma likitar, Allah ya saka mata, ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin da na fahimta. Aikin da ake magana sunansa laparoskofi, ba irin tsagar da ake yi wa mai haihuwa ba ce. Ana yin ƙananan huji biyu zuwa huɗu, kowanne kamar santimita ɗaya, ɗaya a cibiya. A hura iska a cikin don a samu sarari, a zura siririyar kyamara, likita yana kallo a allo. Idan ya ga naman, yana iya yanke shi ko ƙona shi a lokacin, a kai wani ɓangare ɗakin gwaji don a tabbatar. Da yawa ana sallamar su a ranar ko washegari. Ta ce kada in firgita idan na ji ciwon kafaɗa na kwana ɗaya ko biyu, ragowar iskar ce ke jawo shi. Hoton sikanin yana iya nuna ƙullutun da ke ma'ajiyar ƙwai, irin wanda aka gani a gefena na hagu, amma ƙananan ɗigo-ɗigon sukan ɓoye masa, shi ya sa wani lokaci sai an leƙa da ido.

Kan mahaifa kuwa, ta nuna mini cewa takardar amincewa da zan sa wa hannu tana fayyace abin da za a yi, kuma ina da damar a rubuta abin da ban yarda a taɓa ba, sai dai in ceton rai ya taso. Ta ce zan gana da likitan allurar barci kafin ranar, ya duba hawan jinina, ya ji magungunan da nake sha, har da na gargajiya. Ta kuma gaya mini gaskiyar da ban so ji ba: aikin yana rage ciwo ga mata da yawa, amma ba ya raba mutum da cutar har abada, tana iya dawowa. Wallahi wannan gaskiyar ta fi kwantar mini da hankali a kan "kar ki damu, ba komai" da nake ta sha daga masoya.

Sauran dabarun ƙanana ne. Na daina binciken intanet bayan isha'i, don duk wadda aikinta ya tafi lafiya ba ta cika zama ta rubuta labari ba, masu wahala ne ke rubutawa. Idan ƙirjina ya fara bugawa, nakan ja numfashi a hankali in ƙirga huɗu, in sake shi in ƙirga shida, har sai ya lafa. Ina ɗan tattaki da yamma. Na yi istihara, ina riƙe da azkar ɗina na safe da maraice, kuma na yarda cewa neman magani ba ya cin karo da tawakkali. Na je sashen inshorar lafiya na tambayi abin da za su ɗauka da wanda zai fito daga aljihuna. Na shirya takardar hutun jinya, na fara miƙa fayil-fayil ɗin da ke teburina ga abokiyar aikina. Ƙanwata ta ce za ta zo ta zauna da yara. Duk abin da na cire daga kaina na mayar kan takarda, sai in ji barcina ya ƙaru.

Maigida ma na roƙe shi ya raka ni ganin likita, ya ji da kunnensa. A mota muna dawowa ya yi shiru can ya ce, "Ashe duk shekarun nan haka kike ji?" Ban ba shi amsa ba, kuka ne ya zo mini.

Ga roƙona. Iyaye mata, idan ciwon al'ada yana hana 'yarki zuwa makaranta, ko tana amai, ko tana suma, wannan ya wuce a ce ta yi haƙuri, a kai ta wajen likitan mata. 'Yan uwana, jin zafi lokacin kwanciyar aure, ko wajen bahaya da fitsari a kwanakin al'ada, ko jinkirin samun ciki, duk abubuwa ne da ya kamata likita ya ji, kunya ba ta magani. A kuma yi hattara da yawan shan ibuprofen da danginsa ba bisa ƙa'ida ba, suna iya jawo gyambon ciki. Maza da shugabannin ofis, idan mace ta ce ba ta da lafiya, ku yarda da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Har yanzu ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba, sai dai yanzu na san abin da nake tsoro. Duk wadda aka taɓa yi wa irin wannan aiki, don Allah ta yi mini magana ta saƙo, ina son jin yadda kwanakin farko suka kasance mata. Ku sa ni a addu'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Amin.